Me Ke Cinye Hotunan Gidanmu?

A wannan makon muna so mu tattauna a kan wani abu da kusan kowane gida yake da shi, amma ba kowa ke lura da halin da yake ciki ba, wato tsofaffin hotunan da ke kwance a ƙasan akwatin iyayenmu. Mu da muka taso a Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin jihar Zamfara, muna da dalili na musamman da ya sa wannan magana ta dame mu, kuma za mu zo kansa. Amma bari mu fara da wata tambaya mai sauƙi. Me ya sa Bahaushe yake cewa zai je a wanke masa hoto? Riga ce ko kwano?

Amsar ita ce, a da can wanke shi ake yi da gaske, da ruwa. Wanda ya gane dalilin wannan wanki ya gane rabin abin da ke lalata hoto.

Da me aka yi hoto?

Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda har yau yake nan, wani Bafaranshe ne mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauke shi wajajen 1826 zuwa 1827. Farantin ƙarfe mai haɗin kuza ya samu, ya shafa masa wani irin kwalta, ya bar shi yana kallon taga na tsawon sa'o'i masu yawa. Wannan faranti yanzu yana ajiye a Jami'ar Texas da ke Amurka. A 1839 kuma Louis Daguerre ya fito da tasa dabarar. Shi jan ƙarfe yake lulluɓewa da azurfa, sannan ya turara shi da tururin zaiba domin hoton ya bayyana. Zaibar nan ita ce dai wadda masu haƙar zinariya a yankinmu suke amfani da ita wajen kama zinariya, kuma guba ce a can kamar yadda take guba a nan.

Daga baya aka koma takarda. Daga 1850 har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, da farin ƙwai ake shafe fuskar takardar hoto. A 1871 wani likita ɗan Ingila, Richard Maddox, ya nuna cewa jelatin zai yi wannan aiki, kuma shi aka riƙe har zuwa zamaninmu. Kada sunan ya ba ku tsoro. Kun san yadda romon ƙafar saniya yake daskarewa idan ya kwana ya huce? To, shi ne jelatin. Daga ƙashi da fatar dabbobi ake tace shi.

Don haka hoton baƙi-da-fari na kakanku hawa-hawa ne. A ƙasa akwai takarda. A samanta akwai wani farin shafe da ke sa ta yi santsi. A can sama kuma akwai siririn jelatin, wanda a cikinsa aka barbaza gishirin azurfa mai jin haske. Idan haske ya taɓa wannan gishiri, aka tsoma takardar a ruwan magani na farko, sai wuraren da hasken ya taɓa su rikiɗe su zama ƙananan ƙwayoyin azurfa baƙaƙe. Baƙin hular kakanku da kuke gani a hoto, azurfa ce ta gaske. Daga nan sai a tsoma a ruwan magani na biyu da ake kira haifo, wanda ke narkar da sauran gishirin da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da yin baƙi. Masanin Ingila John Herschel ne ya gano wannan aiki na haifo tun 1819. A ƙarshe sai wanki da ruwa mai yawa domin a fitar da shi kansa haifon. Daga nan kalmarmu ta samo asali.

Idan mai hoto ya yi gaggawa, ko ruwa ya yi masa ƙaranci, bai wanke sosai ba, to haifo zai saura a jikin takardar. Haifo kuwa yana ɗauke da farar wuta, ita kuma farar wuta ba ta ga maciji da azurfa. A hankali sai hoton ya fara yin ruwan ɗorawa, daga nan ya koma ruwan ƙasa, fuskoki su dusashe. Shi ya sa za ku ga hotuna biyu na shekara ɗaya a akwati ɗaya, wannan garau, wancan kamar an jiƙa shi da shayi. Bambancin daga hannun mai wankin ne.

Hoto mai kala kuma labarinsa daban. A cikinsa ba a barin azurfa, ana cire ta gaba ɗaya yayin wanki. Abin da ke saura shi ne rini kala uku, kowanne a nasa hawan: shuɗi mai sirkin kore, ja mai sirkin ruwan hoda, da ruwan ɗorawa. Haɗuwarsu ce ke ba da duk launin da ido ke gani. Matsalar ita ce ba tare suke tsufa ba. A cikin duhu da zafi, a yawancin tsofaffin hotuna shuɗin ne ke fara gudu, shi ya sa hotunan bikin iyayenmu na shekarun 1980 da 1990 suka koma jajaye, kamar an ɗauke su da faɗuwar rana. A cikin hasken rana kuwa sau da yawa jan ne ke fara tafiya. Ku dubi fastocin 'yan siyasa da suka shekara a bango, ai duk shuɗi suke komawa.

Tun daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara lulluɓe takardar hoto da siririyar roba gaba da baya, don ta yi saurin wankuwa da bushewa. Wannan ne ya sa bayan irin waɗannan hotuna yake da santsi, biro yake zamewa a kai. Amma fuskar hoton har yanzu jelatin ne a buɗe. A yau kuma yawancin hotunan da ake ciro mana a shagunan kwamfuta ba su ga ruwan wanki ba sam. Wasu tawada ce firinta ke fesawa a kan takarda, wasu kuma zafi ne ke manna rini daga wani siririn zare, sannan a bi da shafen kariya. Na tawadar, musamman mai arha, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa fuskar mutum ta zube.

Yanayinmu da hoto

Masu adana kayan tarihi suna son a ajiye hoto a wuri mai sanyi, inda danshin iska bai wuce kashi 30 zuwa 50 cikin 100 ba, kuma ba ya hawa da sauka. Yanzu ku kwatanta da shekararmu. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, a cikin ɗakin kwano kuwa abin ya fi haka. Zafi yana hanzarta tsufan rini, har masana suna ƙiyasta cewa rage zafin ma'ajiya da digiri 5 ko 6 kacal yakan kusan ninka kwanan launin hoto. Da damina, musamman a watan Agusta, iska takan cika da danshi. Jelatin ya sha, ya kumbura, ya yi danƙo, hoto ya manne da ɗan'uwansa ko da gilashin firem. Idan danshi ya wuce kashi 65 zuwa 70 ya daɗe a haka, fumfuna za ta tsiro, domin jelatin abinci ne a wurinta. Da hunturu kuma komai ya bushe ƙayau, takarda ta nannaɗe, jelatin ya tsattsage, ƙura ta kankare fuskar hoto idan aka goge da bakin riga. Kowace shekara hoton gidanmu sai ya kumbura ya motse, ya kumbura ya motse. Ga gara, ga kyankyaso, ga ɓera, ga hayaƙin itace da na janareta.

A hutun da ya wuce, mu 'yan yankin da muke karatu a jami'a ɗaya mun yi shawara kowa ya duba akwatin gidansu, mu zo mu kwatanta abin da muka gani. Abin mamaki, cutar kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Hotunan da aka ɗaure da kyauro, kyauron ya narke ya bar baƙin layi a tsakiyar fuska, domin roba irin wannan ita ma tana da farar wuta. Waɗanda aka naɗe a tsohuwar jarida sun yi ɗorawa, saboda takardar jarida tana da tsami da ke cin abin da ya jingina da ita. Inda aka liƙe yagewa da salatif, salatif ɗin ya faɗi, gam ɗinsa ya bar tabo mai maiƙo da ba ya fita. Albam mai shafi mai danƙo, wanda ake ɗaga leda a manna hoto, ya riƙe hotuna gam, ba a iya ciro su sai da yagewa. Wanda aka rubuta wa suna da biro a baya, tawadar ta hau fuskar hoton da ke ƙarƙashinsa. A wani gida kuma, hoton Hajji na wani dattijo an kai shi wani shago an yi masa laminatin don a kare shi, zafin injin ya sa ya yi ƙuraje, daga baya danshi ya shiga ta gefe ya yi masa taswira. Ledar laminatin ba ta ciruwa. Abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Wani abu kuma da muka lura da shi, gidajen da ba su da al'adar rataye hoto a bango, suka bar nasu a akwati cikin ambulan, hotunansu sun fi na kowa lafiya. Duhu abokin hoto ne.

Me ya sa abin ya dame mu?

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan kuka yi lissafi za ku ga sa'o'inmu ne, yayyenku ne. Da suna raye, da wasunsu muna aji ɗaya da su a yau. A wancan lokaci wayar kyamara ba ta yawaita a ƙauyukanmu ba. Yaron da ya yi sa'a an ɗauke shi hoto ranar suna ko ranar Sallah, wannan kati guda shi ne kaɗai abin da mahaifiyarsa za ta nuna wa ƙannensa. Idan fumfuna ta cinye shi, babu wani.

Bayan wannan sai ga matsalar 'yan bindiga, wadda ta tashi ƙauyuka da dama, mutane suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka da Gummi da Gusau da sauran wurare. Wanda ya fita da tsakar dare da goyo a baya ba ya tsayawa neman albam. Akwai garuruwan da yanzu ba kowa a cikinsu, kasuwarsu da masallacinsu da makarantar firamarensu sai dai a gani a tsohon hoto, in akwai shi. A daminar 2024 kuma ambaliya ta shiga garin Gummi, gidaje masu yawa suka rushe, ruwa ya shiga akwatuna da kabad. Mun ji iyaye mata suna lissafa asarar hatsi da katifa da kwanuka, sannan a ƙarshe murya ta yi ƙasa a ce har da hotunan marigayi. Hatsi da katifa ana iya kawo tallafinsu. Hoton marigayi ba ya cikin kayan tallafi.

Jihar Zamfara kanta a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro ta daga tsohuwar jihar Sakkwato. Wanda zai rubuta tarihinta nan gaba zai je Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, zai je cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ya sami takardun gwamnati da na sarakuna. Amma irin ɗaurin ɗankwalin da matan Gummi suke yi a shekarun 1970, da yadda ranar kasuwa take a Bukkuyum, da fuskokin 'yan ajin farko na wata firamaren ƙauye, waɗannan a akwatin gidajenmu suke.

Kada ku ce yanayinmu ya fi ƙarfin adana hoto. Seydou Keïta ya buɗe shagon hotonsa a Bamako ta ƙasar Mali a 1948, garin da yake da zafi da ƙura da damina irin namu. Ya riƙa adana fina-finan hotunan da ya ɗauka, dubbai, a cikin akwati cikin tsari. A farkon shekarun 1990 aka sake gano su, aka wanke sababbi daga jikinsu, yau ana baje su a manyan gidajen tarihi na duniya. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Venice a 2007. A nan Nijeriya ma, hotunan Solomon Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Benin, suna ajiye a gidan tarihin Smithsonian da ke Amurka. Dukkansu masu hoton gari ne, irin waɗanda iyayenmu suka tsaya a gabansu.

Abin da ɗalibi zai iya yi

Ba sai da kuɗi ba. Da farko a nemi izinin mai akwatin. A wanke hannu a shanya shi sosai, a riƙe hoto ta gefe, domin maiƙon yatsa yana barin sawu da ba ya gogewa. A cire kyauro da allura da ƙusar takarda da jarida. Ƙura kuma a kaɗe ta da tattausan buroshi, kada a goge.

A sa farar takarda mai tsabta tsakanin hoto da hoto, a zuba su a ambulan, a shimfiɗe su kwance. Idan za a sayi albam, a guji mai danƙo da mai leda mai ƙarfin warin roba, a nemi mai aljihu da ake zura hoto. Akwatin a ɗora shi a kan bulo ko benci, kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bangon da ruwa ke duka, kuma a nisanta shi da madafa. Idan akwai kafur a ciki, kada ya taɓa hotunan. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi suna taimakawa a cikin mazubi mai murfi, sai dai a ɓoye su daga ƙananan yara. Wanda gidansu ke kusa da gulbi, ya samu bokitin roba mai murfi ya haɗa hotuna da takardun makaranta wuri guda, yadda hannu ɗaya zai ɗauka. Lokacin da ya fi dacewa a rufe shi shi ne hunturu, sa'ad da komai yake bushe. Idan aka rufe da damina, danshin aka kulle a ciki.

Laminatin kuwa, idan ya zama dole, a yi wa kwafi, a bar na asali yadda yake. Haka ma firem, kwafin za a rataye, na asalin ya zauna a duhu.

Idan ruwa ya riga ya shiga, kada a yanke ƙauna, amma a yi sauri, domin cikin kwana biyu fumfuna take farawa. A fara ɗaukar kowanne da waya. Hotunan wanki na da, a raba su tun suna jiƙe, a ɗauraye su a hankali cikin ruwan sanyi mai tsabta ba tare da cuɗawa ba, a shimfiɗa su fuska sama a kan tsabtataccen zane, a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada a sa su a rana, kada a bi su da dutsen guga. Na firinta mai tawada kada a tsoma su. Wanda ya manne da gilashi kada a fizge shi, a ɗauke shi da waya ta cikin gilashin. Bayan igiyar ruwan da ta afka wa Japan a watan Maris na 2011, 'yan sa kai, cikinsu har da ɗalibai, sun wanke ɗaruruwan dubban hotuna da aka tsinto daga laka da irin wannan hanya, suka mayar wa masu su.

Waya ma ba ma'ajiya ce ta dindindin ba. Ana sace ta, tana faɗawa ruwa, memori yana mutuwa ba sallama. Ku ɗauki tsohon hoto da rana a inuwa, ba tare da fitilar waya ba, waya tana kallonsa kai tsaye. Ku ajiye kwafi uku: ɗaya a waya, ɗaya a intanet, ɗaya a wurin wani ɗan'uwa da ke wani gari. Idan za ku tura ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu. Mun tuna watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, aka yi makonni, wasu wuraren watanni, ba kira ba intanet. A lokacin duk abin da ke intanet ya yi mana nisa, katin da ke akwati shi ne a hannu. Don haka kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Kuma kada ku ɗora hoton iyaye mata ko na kowa a Facebook ba da yardarsu ba. Adanawa daban, tallatawa daban.

Aiki na ƙarshe shi ya fi duka gaggawa. Hoton da ba a san ko wane ne a ciki ba, ko ya shekara ɗari garau, ya zama hoton baƙo. Sunayen nan suna kan kakanninmu ne kawai. Ku zauna da Kaka ko Inna ko Baffa bayan la'asar, ku miƙa musu hoto ɗaya-ɗaya, ku ce, "Kaka, wane ne wannan? A ina aka ɗauka? Shekarar me?" Ko ba su tuna shekara ba, za su ce shekarar da aka yi kaza, ko zamanin mulkin wane, ku kuma ku nemo lissafin. Ku rubuta da fensir mai laushi a bayan hoton ba tare da dannawa ba. Idan bayan mai santsi ne fensir ya ƙi kamawa, ku rubuta a jikin ambulan, ko ku ba kowane hoto lamba ku buɗe masa shafi a littafi. Za ku ga hoto ɗaya ya jawo labarin awa guda, wanda ba ku taɓa ji ba.

Masu kulob ɗin tarihi ko na kimiyya a makarantunku, ga aikin zango guda nan. Kowa ya kawo kwafin hoto ɗaya daga gida da bayaninsa, a duba a gano ko na azurfa ne, ko na rini, ko na firinta, a kuma faɗi abin da ke damunsa. Darasin kimiyyar sinadarai ne da na tarihi a zama ɗaya.

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Hutu na zuwa, akwatin yana nan, masu sanin sunayen ma suna nan tukuna. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.